Jirgin Fabrairu Ko Na Satumba?

'Yan uwa ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa a gaban wannan allo. Wanda ya saba tsayawa a nan ya san mukan cika shi da sakamakon ƙwallo tsakanin azuzuwa, da kacici-kacici, da 'yan shawarwari kan tsafta. A wannan fitowar mun ture su gefe, domin akwai wata magana da ta yi mako uku tana cinye lokacin taron kulob ɗinmu. Maganar digiri na biyu ce a fannin injiniya. Mun san wani zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ko JAMB ba mu rubuta ba. A daure a karanta har ƙasa, musamman 'yan SS 3, za a ga inda ta taɓa mu.

Malaminmu na fiziks tsohon ɗalibin makarantar nan ne. Ya karanta injiniyan lantarki a jami'a, ya yi hidimar ƙasa a kudu, ya dawo gida, kuma maimakon ya shimfiɗa tabarma a majalisa yana jiran takardar ɗaukar aiki, sai ya zo ya karɓi alli. Yanzu wata jami'a a ƙasar Turkiyya ta ba shi gurbin digiri na biyu a kan lantarki mai aiki da hasken rana, ya fara a watan Fabrairu mai zuwa, amma da kuɗin gidansu. Akwai kuma hanya ta biyu: ya saki wannan gurbi, ya nemi tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, in Allah ya sa ya dace ya tafi a Satumba. Da izininsa muke wannan rubutu. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada sunansa ya fito, ko da yake shi ma ya san a makarantar da malamin fiziks guda ɗaya ne, wannan sharaɗi bai ɓoye komai ba.

Abin da yake son karantawa ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowa ya ga rijiyoyin burtsatse masu sola a ƙauyukanmu, kuma kowa ya san yadda ake yi in inbata ta ƙone ko famfo ya tsaya: mata da yara su koma tafiyar ɗiban ruwa, a yi ta jiran mai gyara daga Kano ko Haɗeja. Malam ya ce yana son ya san cikin waɗannan na'urori har ya iya tsara wadda za ta jure zafinmu da ƙurarmu.

Bari mu faɗi inda muke tsaye tun da wuri, don kada a ce 'yan jarida sun yi rufa-rufa. Muna da son rai a cikin maganar nan. JAMB takan zo wajen Afrilu, WAEC a Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya. In Malam ya tafi a Fabrairu, zai bar 'yan SS 3 a tsakiyar kogi, ba a gama darasin lantarki da maganaɗisu ba, ba a yi bitar gwaje-gwaje ba. In ya kai Satumba, zai raka mu har ƙofar ɗakin jarrabawa. Duk abin da muka faɗa a ƙasa, mai karatu ya auna shi da wannan a ransa.

Sunayen zangunan su suka fara ɗaure wa mutane kai. Jami'o'in Turai da Amurka da Turkiyya sukan raba shekarar karatu gida biyu, su kira kowane zango da sunan yanayin ƙasarsu. Na farko, mai farawa a ƙarshen Agusta ko Satumba ko farkon Oktoba, shi ake fassara mana da zangon kaka. Na biyu, mai farawa a Janairu ko Fabrairu, shi ake ce wa zangon bazara. To mu a nan bazara ita ce Afrilu da Mayu, lokacin da kwanon rufin aji yake dafa mana kai, har wani ɗan JSS 1 ya tambaya me zai kai Malam wata ƙasa shan zafi alhali muna da namu. Wanda ya sauka a Ankara a farkon Fabrairu cikin tsakiyar sanyi zai sauka. Da dare ma'aunin zafi yakan faɗi ƙasa da sifili, ruwa ya daskare, dusar ƙanƙara ta kwanta a kan hanya. Hunturunmu da muke kuka da shi, muna zuwa makaranta da kaushi a ƙafa, wasan yara ne a kan wannan. Sai zangon ya yi nisa bazarar tasu take shigowa. Amma dai sanyi yana da magani, rigar sanyi ce da safa.

Wajen kuɗi ne muka daɗe. Duk wanda ya tashi a Gagarawa ko Sule Tankarkar ko ƙauyukan Gumel da Maigatari ya san kowane gida yana da kalandarsa ta kuɗi, wadda ba a rataye ta a bango. Daga Yuni zuwa Agusta hannu a bushe yake. An sayi taki, an sallami 'yan ƙwadago, rumbu ya kusa kaiwa ƙasa, ana lallaɓa abin da ya rage har sabon gero ya shigo. Kuɗi ba ya zuwa sai kaka ta yi nisa, an yanke riɗi an kaɗe, an ɓare zoɓo an shanya, an gama roron wake, motocin 'yan kasuwa sun fara shigowa da ma'auni. Wato Nuwamba da Disamba. Yanzu ku ɗora kalandar jami'a a kan wannan. Mai tafiya a Satumba da kuɗin gida, a Yuni da Yuli da Agusta zai nemi kuɗin biza da tikitin jirgi da kuɗin makaranta, daidai lokacin da a wasu gidajen ko kuɗin maganin zazzaɓi sai an ranto. Mai tafiya a Fabrairu kuwa a Disamba da Janairu zai biya, lokacin da buhunan riɗi suke jere a zaure. In da amfanin gona za a yi karatun, Fabrairu ta zo mana daidai, kamar da mu aka auna ta.

Wannan ya sa mahaifin Malam ya karkata ga Fabrairu. Malam ya ba mu labarin zaman da suka yi bayan sallar isha'i. Baba ya ce masa: "Kai yaro, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Takarda tana hannunka, riɗi yana zaure, shanu biyu suna turke. Waɗannan da ka ce za su biya maka, sun san ka ne?"

Malam ya ce: "Baba, ba su san ni ba. Amma in suka ɗauke ni, ko akuya ba za a sayar ba."

Baba ya ce: "In ba su ɗauke ka ba fa?"

Nan zancen ya tsaya a wannan dare.

Tsoron Baba ba na banza ba ne. Kuɗin da aka ajiye a ƙasar nan narkewa yake yi kamar man shanu a rana. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. A watan Yunin shekarar aka saki farashin, kafin Fabrairun 2024 ta haura naira 1,400. Wanda ya tara kuɗin karatun waje a wancan lokaci ya ce bari ya ɗan jira, ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai ko rabin abin da ake nema ba. San da ke turke kuma ci yake yi kullum, dusa da harawa ba kyauta ba ne, ga ciwo ga ɓarawo. Manomi in ya ce a sayar yanzu a yi abin da za a yi, ya san abin da yake gudu.

Ɗaya daga cikin 'yan kulob, wadda gidansu yake kan hanyar Gumel, ta ce ai wannan gardamar binne ce da shukar ruwa. Mai binne yakan zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In ruwan fari ya zo da ƙarfi ya kuma ɗore, geronsa ya riga na kowa. In yayyafi aka yi aka ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone, sai ya koma neman wani. Sai musu ya kaure a kan wanne ne binnen a nan. Wasu suka ce tafiyar Fabrairu ce, domin za a zuba dukiyar gida kafin a san inda kuɗin shekara ta biyu zai fito. Wasu suka ce jiran Satumba ne, domin za a saki abin da ke hannu a dogara da hadarin da bai ma haɗu ba. Muka tashi ba mu daidaita ba.

Amma maganar shekara ta biyu ta tsaya mana a rai. Digiri na biyu mai kundin bincike a Turkiyya shekara biyu ne, zango huɗu: shekarar farko darussa, ta biyu bincike da rubutu. Riɗin bana da shanu biyu za su kai Malam can, su riƙe shi 'yan watanni. Haya da abinci da kuɗin mota da inshorar lafiya da sabunta takardar zama kuwa ba sa jiran kaka, kowane wata suke buga ƙofa. In damina mai zuwa ta yi gardama, kamar yadda takan yi a nan arewacin Jigawa, me za a sayar? Ƙannensa uku suna makaranta. Mun taɓa jin labarin waɗanda suka tafi waje da guzurin zango ɗaya, suka koma wanke kwanuka dare da rana, karatun ya gagara, dawowa gida hannu rabbana ma ta gagara saboda kunya. Ba ma fatan haka ga kowa, balle mutumin da ya koya mana abin da ya sa ƙwan lantarki yake kamawa.

Shi kuwa tallafin gwamnatin Turkiyya ga yadda yake. Akan buɗe nemansa ta intanet daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, ba a sayen fom. Bayan tantance takardu akan kira waɗanda suka tsallake a yi musu tambayoyi baki da baki, sakamako ya fito cikin damina, a tafi a Satumba ko Oktoba. Wanda aka ɗauka ana biya masa kuɗin makaranta, a ba shi masauki da inshorar lafiya da alawus na wata-wata, da tikitin jirgi na zuwa da na dawowa in ya gama. Mai neman digiri na biyu sai sakamakonsa na digirin farko ya kai kashi 75 cikin 100, kuma bai cika shekara 30 ba. Masu nema daga ƙasashen duniya suna da yawa ƙwarai, waɗanda ake ɗauka 'yan kaɗan ne a cikinsu, don haka tambayar Baba tana nan daram.

Ƙa'idoji biyu ne suka sa lissafin ya yi tsauri. Wanda ya riga ya shiga wata jami'ar Turkiyya yana karanta digiri na biyu ba ya cikin waɗanda za su nemi tallafin digiri na biyu. Ke nan in Malam ya yi rajista a Fabrairu, da hannunsa ya rufe wannan ƙofa, babu zancen a tafi yanzu a nema daga can. Sannan wanda ya samu tallafin, in bai iya Turkanci ba, sai ya yi shekara guda yana koyon sa kafin ya taɓa darasin injiniya, ko da kuwa da Turanci za a koyar da shi. Tazarar da kalanda ta nuna wata bakwai ce, amma a zahiri wata bakwai ce da shekara guda. Ranar da mai Satumba zai buɗe littafin injiniya na farko, mai Fabrairu yana shiga zangonsa na ƙarshe.

Shekaru kuma ba sa tsayawa. Malam yana da 28. Digirin injiniya dama shekara biyar ne, a ɗora hidimar ƙasa shekara guda, tsararsa kuma sun ci karo da dogayen yajin aikin malaman jami'o'i har biyu: na 2020 wanda ya kai wata tara, da na 2022 wanda ya fara 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba. Yana da damar nema bana, ƙila da baɗi, daga nan shekaru sun fitar da shi. Inna kuwa nata lissafin daban. Ta ce ita ba ta san Fabrairu ba, ba ta san Satumba ba, a faɗa mata wanne ne zai dawo mata da shi da wuri ta ga aurensa.

Muka tambaye shi: "Malam, in an cire maganar kuɗi, wanne ya fi wa karatun kansa kyau?" Bai yi jinkiri ba ya ce Satumba. Ya ce mu ɗauka an kawo yaro SS 1 a zango na biyu, an riga an gama darasin awo da na motsi, an shiga na gaba wanda aka gina a kansu. Zai iya cin jarrabawa, amma da haki. Haka jami'a take. Darussan tushe a zangon farko ake ba da su, da yawansu kuma sau ɗaya ake buɗe su a shekara, wanda ya zo a Fabrairu sai ya ɗauki kashi na biyu kafin na ɗaya, ko ya cike zangon da abin da ya samu. Farfesoshi a farkon shekara suka fi zaɓen ɗaliban da za su duba wa bincike, a lokacin ake raba gurabe a ɗakunan gwaje-gwaje, a lokacin ɗakunan kwana suke cika. Mai zuwa daga baya yakan tarar abokan karatu sun riga sun haɗa ƙungiyoyinsu. Ga injiniya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda zai duba maka bincike da na'urorin da za ka samu taɓawa su ne rabin digirin.

Kuma ba Turkiyya kaɗai ba. Tallafin Chevening na Birtaniya a kan karatun da ke farawa a Satumba ko Oktoba aka tsara shi. Haka yawancin manyan tallafin da 'yan Nijeriya ke nema, masu ba da kuɗi da farkon shekarar karatu suke tafiya. A Amurka ma, a ƙa'ida ɗalibin waje sai ya cika shekarar karatu guda kafin a ba shi izinin zuwa koyon aiki a kamfani, don haka wanda ya shiga a Janairu yakan rasa wannan dama a dogon hutun farko. Zangon Janairu ko Fabrairu ƙofa ce ta gaskiya, digirin iri ɗaya ne a ƙarshe, amma galibi ƙofar mai biya wa kansa ce.

Garin nan namu daga jirgi ya samo suna. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori, tasha ta tara jama'a har ta zama gari. Baba mai gadi da ya ji muna ta musu a ƙarƙashin darbejiya ya ce a zamanin da jirgi yake tsayawa a nan, matafiyin kirki guzurinsa yake fara dubawa kafin ya tambayi yaushe jirgi zai iso, domin akwai waɗanda aka sauke a hanya saboda tikitinsu bai kai inda za su ba. Daga bakinsa muka samo kan wannan rubutu.

Wani zai ce me ya hana Malam ya yi a gida? Babu abin da ya hana. Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya duk suna ba da digiri na biyu a injiniyan lantarki, kuma kuɗin da zai ƙare a zango ɗaya a waje zai iya kai shi nesa a can, yana zuwa gida ganin Inna. Ya ce zai sayi fom ɗin gida in an buɗe. Ya kuma rubuta wa jami'ar Turkiyya yana tambaya ko za su ɗage masa gurbin zuwa Satumba, domin wasu jami'o'in sukan yarda, wasu su ce sai dai a sake nema. Amsa ba ta zo ba tukuna. In suka yarda, jiran ya rage haɗari, sai dai a koma ga matsalar farko, wato yadda za a riƙe kuɗin kaka har tsakiyar damina ba su narke ba, kuma ba a taɓa su ba ranar da taki ya yi tsada.

Mu dai a kulob, da aka ɗaga hannu, Satumba ce ta yi rinjaye. Hujjarmu ita ce kuɗin shekara ta biyu. Gidan da zai iya ɗaukar zango huɗu ba tare da ya dogara ga daminar da ba a gani ba, ɗansa ya tafi a Fabrairu, bai yi laifi ba, zai ma riga kowa dawowa. Gidan da sai an sayar da shanun huɗa kafin a sayi tikiti, gara ɗansa ya bi kalandar masu ba da tallafi, ya riƙe fom ɗin Kano ko Zariya a ɗaya hannun. Gidan su Malam irin na biyun ne, kamar yawancin gidajenmu. Wata bakwai ɗin kuma ba zaman banza zai yi ba, yana koyarwa, yana iya fara koyon Turkanci a waya.

Sai dai sakatariyarmu ta ƙi ɗaga hannu tare da mu, ta kuma nemi a rubuta dalilinta. Ta ce in da malamin wata makaranta ne a Gumel, wanda jarrabawarmu ba ta rataya a wuyansa ba, anya za mu ce masa ya saki gurbin da ke hannunsa yana da shekara 28? Ta ce in tallafin bai samu ba, jami'ar kuma ta ƙi ɗage gurbin, mu za mu wuce jami'a da sakamakon fiziks mai kyau, shi ya rage a nan da alli a hannu. Babu wanda ya ba ta amsa a wurin taron, shi ya sa muka sa maganarta yadda ta faɗe ta.

Akwai wani abu da muka tsinta a hanya wanda ya shafi 'yan SS 3 kai tsaye. Wannan tallafi na Turkiyya yana da sashen digirin farko. Ana neman wanda bai cika shekara 21 ba, mai sakamakon da ya kai kashi 70 cikin 100, kuma ranakun nema duk ɗaya ne, 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Da yawanmu ba mu taɓa jin sa ba sai a dalilin wannan musu. Mun liƙa wata takarda a gefen allo mai ɗauke da watannin JAMB da WAEC da NECO da na wannan tallafi. Wanda yake so ya kwafa, amma don Allah kada a ciro ta.

Da muka karanta wa Malam wannan rubutu kafin mu liƙa, bai ce ga inda ya nufa ba. Ya ce dai daga ranar Litinin darasin yamma zai koma sau uku a mako, a gama lantarki da maganaɗisu kafin ƙarshen Janairu, ko zai tafi ko ba zai tafi ba, kowa ya zo da littafinsa na tsofaffin tambayoyi. Baba kuma ya ce ranar Alhamis zai shiga kasuwar Maigatari ya ji yadda ake sayar da shanu, amma ba zai kora ko ɗaya ba tukuna.